Langar Dada

Ranar da zan bar Yawunde, bayan la'asar, na gama ɗaure jakata ke nan sai na ji Inna daga ɗakinta tana cewa, "Kai wannan, zo ka karɓi saƙo." Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko dai "wannan", ko "yaron nan", har yau da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Na shiga na tarar ta jawo wata langa daga ƙarƙashin gado, ta ɗora a cinya tana gogewa da gefen zani. Fara ce mai jan fure, fentin bakinta duk ya ɓaɓɓalle, murfin kuma ya lotsa ta gefe ɗaya. Ina ganinta na gane ta.

Shekara 12 ke nan, da Baba ya rasu Inna ta fita takaba, muka ɗauko ta daga Garwa muka dawo da ita wurinmu a unguwar Birikitiri. Ranar tafiyar, maƙwabciyarmu Dada ta cika langar nan da dambun nama ta ce guzuri ne. Dambu bai ko kai Ngawundere ba, langa kuwa ta zo Yawunde ta samu wurin zama. Ba a taɓa zuba abinci a cikinta ba. Duk yaron da ya kai mata hannu sai ya ji, "Ajiye, kayan mutane ne."

Na ce, "Inna, wannan ko masu sayen gwangwan sai sun yi shawara kafin su taya. Ki bari in na isa in saya wa Dada sabbin samiru." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Samiru ta ara mini?" Magana ta mutu a nan. Ta shimfiɗa ɗanyen ganye a ciki, ta jera farin goro manya-manya har ya kusa baki, ta yayyafa ruwa, ta rufe da wani ganyen. Ta ce ba a mayar da kwanon maƙwabta wayam. Kada in cusa a jaka, kada in ba ɗan dako, in riƙe a hannu.

Biki ne asalin tafiyar. Hamma, ɗan Dada na fari, zai aurar da 'yarsa, ya kuma rantse in ban zo ba zai goge lambata daga wayarsa.

Jirgin ƙasan arewa tafiyar dare yake yi. Yakan bar Yawunde da almuru, ya kwana yana ratsa kurmi, gari ya waye masa a kan tudun Adamawa, tafiyar sama da kilomita 600. Tun 1974 layin dogo ya isa Ngawundere, a nan kuma ya tsaya har yau. Duk mai zuwa Garwa ko Marwa ko Kusiri, da duk kayan da za su Njamena, a nan ake sauke su a ɗora wa mota. Na samu gado a ɗaki mai cin mutum 4. Abokan kwanana wani soja ne, da wani ɗalibi mai komawa jami'a a Dang wanda bai ce da kowa uffan ba har safe, sai wani dattijo dillalin shanu da ya kai kaya kudu yana komawa gida. Dattijon ya dubi shaddar da ke jikina, ya dubi tsohuwar langar da na rungume, ya kasa haƙuri.

"Alhaji, magani ne?"

Na ce goro ne. Ya ce in buɗe. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya yaba da wanda ya zaɓa, sannan ya ce goro da iskar hunturu ba sa ga maciji. Da mun haura tudu in ƙara yayyafi, in lulluɓe langar da tsumma mai danshi, in ba haka ba tsakuwa zan kai wa tsohuwa. Kunya ta kama ni. Fataucin goro ne ya fito da kakana daga ƙasar Kano da jakunansa har ya yada zango a bakin Binuwai, ga jikansa wani baƙo na koya masa riƙon goro a cikin jirgi. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ni dai a wannan fanni ban gaji kowa ba. Hankicina na jiƙa na rufa.

A Nanga Eboko da Belabo mata suna bin tagogi da tire a ka, suna tallar ayaba da abarba da rogon nan da ake naɗewa a ganye. Barci ya ɗauke ni bayan nan. Da na farka kurmi ya ƙare, sai ciyawa da ta bushe ta yi ja, da shanu, da hazo. A Ngawundal aka kawo zuma a kwalabe, na sayi biyu.

Ngawundere ta tarbe ni da sanyin da na manta da irinsa, don garin ya haura mita 1,000 a bisa tudu. Daga tasha ana hango dutsen da ya ba garin suna, da wani mulmulallen dutse a ƙoƙuwarsa kamar cibiya. Da yaren Mbum ma'anar sunan ke nan, dutsen cibiya. Na zauna wurin mai shayi, bakina ya riga ni da Faransanci saboda sabo. Ya dube ni ya ce, "Jam na?" Sai na ji wani abu ya kwance a harshena. A Yawunde Faransanci ne na kasuwa, Hausa ta gida. A arewa Fulatanci ne na kasuwa: Bahaushe da Babarbare da mutumin Mbum da Tupuri, har ɗan kudu mai kanti, kowa da shi yake ciniki. Mu Hausawan Garwa da harshe 3 muka tashi, ɗaya na tsakar gida, ɗaya na titi, ɗaya na lakwal, wato makarantar boko, ban da baƙin allo da yamma. Fulatancina ya yi tsatsa, amma kafin in shanye kofin ya fara tashi.

Daga nan zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne. In an wuce Dang kaɗan sai gangaren da muke kira falez, inda tudun Adamawa ya yanke hanya ta riƙa murɗawa tana sauka. Hira takan ɗauke a mota a wurin nan, tsofaffi su kama salati. Kunnuwa su toshe su buɗe, kafin ka ankara kowa ya tuɓe rigar sanyi. A Mbe aka tsaya mata suka sayi doya, don doyar garin ta yi suna. Gaba kuma gwaggon biri ne zaune a bakin kwalta suna kallon motoci, sai ƙauyuka da tulin auduga fari tas ana jiran motar kamfani. A wani shinge da aka duba katin shaida, jami'in ya nuna langar ya ce mene ne. Na buɗe. Ya yi dariya ya ce da Faransanci, gaisuwar uwa ce wannan, wuce.

Mun hau gadar Binuwai rana ta karkata. A watan Janairu kogin yakan janye ya bar rairayi shimfiɗe, mata na wanki, masu ɗiban yashi na lodi, lambuna kore shar a gefe. Baba ya sha ba mu labarin lokacin da Garwa take tashar jiragen ruwa ta gaske. Da damina ta yi nisa ruwa ya cika, jirage kan hauro daga Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. 'Yan makonni ne kawai kafin ruwa ya ja baya, saboda haka dare da rana ake lodi, saurayi kan tara kuɗin aure a wannan ɗan tsakani. Da kuɗin dakon nan ya sayi keken ɗinkinsa na farko. Yaƙin Biyafara ya tare hanyar, jirgin ƙasa da manyan motoci suka kwashe cinikin, aka kuma gama madatsar Lagdo a 1982. Mu da muka taso daga baya kwalekwale muka sani, da dorina.

Hamma na jirana a tasha a kan babur. Bai yi mini sannu da zuwa ba, cewa ya yi, "Kaɗo, wannan tumbin duk naka ne?" Na ce Bafillace ai ko an ba shi buhun shinkafa ba ya nunawa. Muka rungume juna. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya yi shiru, ya karɓa da hannu biyu ya riƙe har na hau. A hanya ya tsaya ya sayi litar zuwa-zuwa, man kwalba da ake shigo da shi daga Najeriya, yana mita cewa tun da aka cire tallafin mai a can a 2023 masu babur a Garwa ba su sake numfashi ba. Ya zaga da ni ta Rumde Ajiya don in ga yadda aka gyara filin ƙwallo. A nan Najeriya ta buga wasanninta 4 a gasar Afirka a Janairun 2022. Ya ce ranar da suka ci Masar ɗaya da nema ka rantse a Kano kake, daren da Tunisiya ta fitar da su kuwa tuwo ya kwana a gidaje da yawa.

Ban shirya wa ganin gidanmu ba. Na san mun sayar, ni na sa hannu a takarda, amma sani daban gani daban. Wanda ya saya ya rushe katangar ƙasa ya tayar da ta bulo, ya sa ƙofar ƙarfe mai ruwan toka. Zauren da Baba yake ɗinki, inda dattawan unguwa ke taruwa da magariba a kewaye rediyo ana kamo Kaduna da Landan, ya zama shagon cajin waya da tura kuɗi. Mutum ɗaya ya rage daga 'yan majalisar, yana zaune a dakalin masallaci. Na durƙusa na ce, "Baffa, barka da yamma." Sai da na ambaci Baba ya gane ni. Ya yi masa addu'a mai tsawo, ya tambayi ƙafar Inna, sannan ya rage murya ya ce ko a Yawunde ana maganar dawo da gawar Ahijo. Tambayar da ya yi mini ke nan shekara 12 da suka wuce. Ahmadu Ahijo ɗan garin nan ne, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa na can. Na ce, "Baffa, ana dai yi jefi-jefi." Ya ce, "To."

Abin da na fi nema da ido shi ne 'yar ƙofa. Tsakanin gidanmu da na su Dada, a jikin tsohuwar katanga, akwai wata kafa da babba sai ya sunkuya zai wuce. Wai asalinta damina ce ta zubar da wurin, Baba ya kira magini, matan biyu suka ce a bari sai kaka. Kaka ta zo ta wuce fiye da sau 30. Dukansu matan kulle ne, kafar nan ta ba su zumuncin da ba ya bukatar mayafi ko neman izini. Ta nan garwashi ke wucewa da asuba, da gishiri, da daddawa, da tabarya, da jariri in uwarsa za ta shiga wanka. Daga wajenmu waina da ƙosai, daga wajensu kindirmo da tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda suke ce wa folere. Inna ta yi magana da Hausa, Dada ta amsa da Fulatanci, ban taɓa jin ɗaya ta ce "me kika ce" ba.

Mu ma ta nan muke wucewa, ni da Hamma, kuma a nan ne abin yake. Kunyar ɗan fari akwai ta a Hausa, a wurin Fulani kuwa ta ninka. Dada ba ta kiran sunan Hamma, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai kamar ɗan wani ne. Inna ma haka take da ni. To sai matan nan suka yi musaya ba tare da sun taɓa zama shawara ba. In zazzaɓi ya kama ni, a ɗakin Dada nake kwana, ita ke shafa mini man shanu tana kiran sunana. In aka yi waina, ta farko mai zafi ta Hamma ce, Inna na zaune kusa da shi tana tambayarsa karatu. Ina yaro har haushinsa na riƙa ji, ashe shi ma yana jin nawa.

Akwai ranar da muka gudu daga makarantar allo muka tafi wanka kogi, abin da aka hana mu da rantsuwa saboda dorina. Wani masunci ya kawo rahoto kafin mu bushe. Muna shigowa unguwa muka ga iyayenmu maza tsaye kowa da tsumagiya. Ba mu yi shawara ba, ni na faɗa gidan su Hamma, shi ya faɗa namu. Baba ba zai shiga ɗakin matar maƙwabcinsa ba, mahaifin Hamma ma haka. Suka yi ta tsayuwa a waje har aka kira magariba. Washegari dai Malam ya biya musu bashin, har da riba.

Yanzu bulo ne a wurin, an shafe da siminti. Ta ɓangaren su Dada an jingina turmi.

Na same ta a kan buzu a ƙofar ɗakinta, ta rame, idanun sun yi hazo. Gidan cike da 'yan biki, ana daka ana tankaɗe. Na yi sallama na durƙusa. Ta karkata kai ta saurara, sai ta kira sunana, cikakkensa yadda aka raɗa mini, har sau 3. "Jabbaama, ɓingel am." Ta laluba fuskata da gemuna ta ce wa ya ba ni izinin tsufa. Hamma na tsaye a gefe, ko inda yake ba ta duba ba, mutumin da ke ciyar da ita yake kai ta asibiti. Ya saba. Ya zaro waya ya kira Yawunde, ina jin muryar Inna ta cika tsakar gidan tana kiran sunansa, tana tambayar ciwon bayansa, tana faɗa don bai aiko mata da hoton amarya ba. Ni da na kwana a hanya, saƙona ɗaya ne: "Ka ce da yaron nan ya ba da langar."

Na ɗora mata a cinya. Ta buɗe, ta shinshina, ta fasa goro ɗaya ta ce bai sha iska ba, wanda ya riƙo shi ya san goro. Ban ce komai ba, Allah ya saka wa dillalin shanu. Sannan ta bi bakin langar da yatsa, ta bi murfin har ta kai wurin lotsawar. Ta tsaya a nan. Sai ta fashe da dariya har da tari.

Da Fulatanci ta yi maganar, ga yadda take da Hausa: "Innarka ta yi shekara 12 tana gadin abin da ba nawa ba. Wannan ai ta Hajjar Chadi ce."

Na tuna ta, amma kamar a mafarki. A 1980, da yaƙi ya ɓarke a cikin Njamena tsakanin mutanen Gukuni da na Habre, jama'a suka riƙa tsallake kogi a kwalekwale zuwa Kusiri. Wasu suka zauna a can, wasu suka gangaro Marwa da Garwa. Wata mata ta iso unguwarmu da 'ya'ya 3, mahaifin Hamma ya ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Larabcin Chadi take yi, ba Hausa ba Fulatanci, amma cikin wata guda ta shiga layin 'yar ƙofa. Ita ta koya wa su Inna haɗa turaren wuta da kisira, wainar nan mai faɗi sirirya kamar takarda, ita kuma ta saba wa gidajen biyu da jan shayi mai kauri bayan azahar. Dada ta ce da langar nan a ka ta fito daga gidanta, abin da hannunta ya kai gare shi ke nan, murfin kuma a cikin kwalekwale aka taka shi. Bayan shekara 3 da ƙura ta lafa ta koma. Ranar tafiyarta ta aiko da kisira a ciki, kafin a wanke a mayar mota ta tashi.

"Na jira mai zuwa Njamena," in ji Dada, "wanda na samu bai san unguwarsu ba. Ni ma bashi ce a kaina. Da innarka za ta tafi na duba ɗakina, ban ga abin da ya fi ta daraja ba."

Hamma ya ce to Kaɗo, tunda ka iya dako, gobe sai Njamena. Matan da ke daka suka yi ta dariya. Dada ba ta yi ba. Ta ce in Hajja na da rai ta kai 80.

Goron Inna shi aka fara rabawa a wurin ɗaurin aure. Biki ya yi kyau, an ci an sha, masu algaita sun samu nasu. Ranar Lahadi Dada ta tashe mu da sassafe ta ce mu tafi kasuwar Pitowa, 'yar tafiya kaɗan arewa da gari, ta lissafa abin da za a sayo da wurin wanda za a saya, kamar jiya ta baro kasuwar, alhali ƙafarta ba ta taɓa taka ta ba. Man shanu daga hannun matan daji, ba na 'yan kanti ba. Busasshen kifin Lagdo. Kuka sabon daka. Ni na ɗauka na gidan biki ne.

Daren da zan tafi na shiga sallama, na tarar da langar a gabanta an wanke ta, an cika ta. Man shanu a ƙasa cikin gwangwani, ƙullin kuka da busasshiyar yakuwa a kai, kifin an naɗe shi daban. Na ce, "Dada, Inna cewa ta yi in mayar." Ta ce, "Ka mayar, na karɓa. Wannan kuma aike ne, ko ka girma da aike?" Murfin ya ƙi zama saboda lotsawar, sai ta kwance ɗankwalin kanta ta ɗaure langar da shi tam, ta yi ƙulli biyu a sama yadda zan samu mariƙi. Ta tofa mini addu'a a tafin hannu. Hamma ya kai ni tasha, a hanya bai tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Na hau falez da rana, na kwana a jirgi, na isa Birikitiri da hantsi ina warin kifi. Inna ta karɓi langar ba ta nuna mamaki ba. Na ba ta labarin Hajjar Chadi tun daga kwalekwale har kisira, ta saurara tana kwance ƙullin, ta ce ita dai daga hannun Dada ta karɓa. Ta shinshina man shanun ta ce na matan daji ne. Ta juye komai, ta sa aka wanke langar aka goge. Ƙaramar 'yata ta ɗauki ɗankwalin za ta ɗaura, Inna ta karɓe, ta ninke shi huɗu, ta sa a cikin langar ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado.

Ina bakin ƙofa zan fita ta ce, "Kai wannan. 'Yar Hamma ta biyu, shekararta nawa yanzu?"